Ƙullin Kawu

An yi wani dattijo a Allakaye, can cikin duwatsun Adar a ƙasar Buza, wanda ya ƙare ƙuruciyarsa a bakin teku. Kamar sauran samarin Adar, da an ɗaure damman hatsi an gama roron wake sai ya rataya jaka ya tafi biɗa. Shi tafiyarsa ta miƙe har Abijan, ya shiga tashar jiragen ruwa yana dako. Da fari buhu yake ɗauka a ka, daga baya aka lura yana da ido, aka ɗora shi kan masu lodi. Ya loda koko, ya loda ƙwallon yazawa mai tafiya Indiya da Biyetnam, kwantena bayan kwantena, har furfura ta cika masa gemu. Da gwiwa ta fara gardama ya tattaro ya dawo gida, ya gyara rumbun mahaifinsa, ya koma noman hatsi da wake. Mutanen gari suka laƙaba masa Sarkin Lodi, ko da yake abin lodi a garin bai wuce amalanken jaki ba.

Yana da ɗan ƙanwa a Madawa, wani Alhaji mai jini a jika, ɗan kasuwar wake da albasa. Yakan sayi wake a kasuwannin Buza da Keita, ya tura ta Ƙonni da Illela zuwa Sakkwato, wani zubin har Dawanau ta Kano. Ba macuci ba ne, tiyarsa cike take, amma kuma ba a cutarsa. Yana da wani ƙarfe mai tsini da rami a ciki wanda ba ya rabuwa da shi. In an kawo masa buhu ba ya duba baki, sai ya soka ƙarfen a tsakiyar ciki ya zaro abin da ke can. Manomi nawa ya kunyata a bainar kasuwa, waɗanda suka zuba mai kyau a sama suka ɓoye hudajje a tsakiya!

Wata shekara, bayan kaka, sai wani mutumin Tawa mai shago a Beljiyam ya kira shi. Ya ce yana son farin wake kwantena guda, don ƴan Afirka da ke can suna nema. Sharaɗinsa uku: kada a samu ƙwaro mai rai, kada a samu guba a jikin waken, kuma kaya su zo da takardar ma'aikatar kare tsirrai. Alhaji ya ce ai wannan mai sauƙi ne. Ya bi ƙauyuka yana saye, da kuɗinsa suka ƙare ya shiga karɓar bashi, mafi yawa daga matan Allakaye, bisa alkawarin in kaya sun isa zai biya da ƙari. Aka sheƙe waken, aka tsince, aka zuba a sababbin buhuna masu cin kilo 50, guda 460. Da yake an gaya masa teku akwai laima, sai ya zaɓi buhuna masu leda a ciki, ya biya su da tsada yana murna.

Uwarsa ce ta ce masa, tun da Allah ya ba shi kawu wanda ya tsufa a wannan aiki, ai kunya ce a loda kwantena a Madawa ba a kira shi ba. Alhaji ya aika babur aka ɗauko tsoho.

Da Kawu ya iso, ko ruwa bai gama sha ba ya tashi ya zagaya kwantenar. Ya shiga ciki, ya ce a rufe ƙofa a bar shi. Masu lodi suka dubi juna. Can ya buga aka buɗe, ya fito ya nuna wurare biyu a rufin inda ya ga haske yana shigowa kamar bakin allura, ya ce a toshe su, a manne ƙananan tagogin iska da ke kusurwa, a duba robar ƙofa. Ya sa aka share ƙasan, shi da kansa ya bi tsagogin katako da tsinke, ya tono ƙwayoyin shinkafa da kayan baya suka bari. Ya ce a nemo masa gadajen katako na shimfiɗa, kuma ban da na kafintan unguwa, sai masu ƙonannen hatimi mai kama da zangarniyar alkama, don hatimin nan shi ke shaida an gasa katakon har zafi ya kai 56 a cikinsa na minti 30, kuma a tashoshin Turai katako marar hatimi kaɗai ya isa a tsare kaya. Duk wannan Alhaji ya yi ba musu. Sai tsoho ya je ga buhuna ya dafa ɗaya, ya ji leda ta yi ƙara a ƙarƙashin hannunsa. Ya daɗe bai ɗauke hannun ba.

Ya ja Alhaji gefe ya ce masa, “Ɗana, abu uku nake so. Katako a ƙasa, kamu guda tsakanin kaya da rufi, da ƴar hanya a tsakiya wadda hannu zai shiga. Ledar nan kuma a cire ta.”

Alhaji ya tambaya, in an yi haka buhu nawa za su shiga. Kawu ya dubi kwantenar, ya dubi tarin, ya ce 400, in an matsa. Alhaji ya yi lissafi a zuci, ya ga buhu 60 a ƙasa, tan 3 cur, ga shi kuɗin mota da na jirgi ɗaya ne ko kwantena ta cika ko ba ta cika ba. Shugaban masu lodin Madawa, wani ƙaƙƙarfan saurayi da ake yabo da iya cusa kaya, ya ji maganar ya yi dariya, ya ce, “Baba, iska za mu aika wa Turawa? Ai suna da ita.”

Kawu bai ji haushi ba. Ya ce musu maganin da za a sa ba ruwa ba ne da za a yayyafa, iska ne, kuma baƙo ne mai kunya, ɗakin da aka buɗe masa kaɗai yake shiga. Ya ce ƙwaron da suke gani yana yawo a kan buhu ba shi ne abin tsoro ba. Tun a gona uwar take manna ƙwanta a jikin kwanso, tsutsa ta fasa ta shige cikin ƙwayar wake ta rufe ƙofa, tana ci tana girma, cikin wata guda na zafi ta fito ta yi nata ƙwan. Wannan ta cikin ita ake so magani ya tarar.

Alhaji ya ce, “Kawu, ku gafarce ni, amma matan garinku a buhun leda suke ajiye wake, kuma ba ya huda.”

Tsoho ya ce gaskiya ne, amma wancan buhu ne mai riɓi uku, irin wanda aka fara yaɗawa a 2007, aikin jami'ar Purdue ta Amurka da masu binciken noma na INRAN. Ledarsa biyu ce mai kauri, kowace ana ɗaure bakinta dabam, a bar wake watanni, ƙwari su shanye iskar da ke ciki su mutu ba tare da magani ba. Ya ce wannan kuwa leda ɗaya ce siririya, kuma allurar ɗinki ta huda bakinta. Hujin ya isa ƙwaro ya yi numfashi, bai isa magani ya shiga ya cika buhu cikin kwana 7 ba, balle buhun da wasu buhunan suka danne ta kowane gefe.

Alhaji ya saurara da ladabi har ƙarshe, ya yi godiya, sa'an nan ya ce wa shugaban masu lodi ya cika ta. Ya ce za a ƙara yawan maganin, shi ke nan.

Kawu ya ce to, dukiya ta mai ita ce. Amma yana roƙon alfarma guda, a bar shi ya sa ƴan ƙulli uku a cikin kayan. Alhaji ya ji daɗi da tsoho bai yi fushi ba, ya ce ko goma ne a sa. Da la'asar aka ga Kawu a kasuwa yana bin masu wake, yana wuce mai kyau, har ya tsaya gaban wata tsohuwa mai ƙwarya guda ta waken da ƙwari suka gama da shi. Ya saya bai nemi ragi ba, tsohuwa tana ta sa masa albarka. Da dare ya yanka farin ƙyalle mai ƙaramin ido, ya yi ƙulli uku, ya ɗaure kowane da jan zare.

Washegari ana lodi, ya sa aka farke bakin wani buhu, ya tura ƙulli ɗaya can cikin leda, aka mayar da ɗinki, ya shafa wa buhun gawayi, ya ce a ajiye shi a tsakiyar layi na huɗu daga ƙofa. Na biyu ya cusa a saman kaya, na uku ya rataya a jikin ƙofa daga ciki. Masu lodi suka yi ta raɗa, wai laya ce ta tsarin hanya da ya zo da ita daga kurmi. Shugabansu ma da zai ɗauki buhun mai gawayi sai da ya yi bisimilla. Kawu ya ji su, bai gyara musu ba.

Aka cusa buhu 460 har rufi, sai da aka sa kafaɗa kafin ƙofa ta rufu. Mai sa magani ya zo, wani yaro natsattse da abin rufe fuska da gwangwanin Phostoxin. Ya duba ya ce kayan sun matse, ba inda zai tura bututun awo zuwa tsakiya, ba kuma inda zai jera farantan magani sai bakin ƙofa da ɗan abin da hannu ya kai a sama. Alhaji ya ce ya yi iyakar abin da ya samu. Yaron ya jera ƙwayoyin, kowace giram 3, masu launin toka, waɗanda da sun sha laimar iska suke sakin wata iska mai warin tafarnuwa, wadda ke kashe ƙwaro kuma take kashe mutum. Ya rufe, ya manne ƙofa, ya liƙa takarda mai hoton ƙoƙon kai, ya kewaye wurin da igiya, ya gargaɗi mai gadi kada ya kuskura ya shimfiɗa tabarmarsa a inuwar kwantenar. Bayan kwana 7 ya dawo ya buɗe, aka bar ta ta sha iska har ya auna ya ce an iya kusanta. Aka soki buhunan bakin ƙofa, ba a ga ko ƙwaro ɗaya mai motsi ba. Takarda ta fito. Direba ya ce gobe da hantsi zai ɗaga.

Daren nan Kawu ya ba yara biyu jika guda guda, suka buɗe ƙofa da fitila, suka sauke buhuna har suka kai ga mai gawayi. Ya farke, ya zaro ƙullinsa, suka mayar da komai yadda yake.

Da aka idar da sallar asuba ya riƙo hannun Alhaji ya kai shi bayan magaza inda ba kowa. Ya ajiye farin faranti a ƙasa. Ya kwance ƙullin ƙofa ya zazzage, ƙwari suka zubo a bushe. Ya share, ya kwance na sama, su ma haka. Ya share, ya kwance na tsakiya. Kafin ya gama zazzagewa sun watsu a faranti, wasu suna hawa gefe, ɗaya ya buɗe fiffike ya tashi. Tsoho ya ɗauki ƙwayar wake ya fasa da haƙori, ya miƙa masa, ga farar tsutsa tana lanƙwasa. Ya ce, “Ga layar taka, Alhaji.” Ya koma ya zauna a kan dutse ya fito da carbi.

Alhaji ya tsuguna gaban farantin, gari yana wayewa a kansa. Takarda tana aljihunsa da hatimi da sa hannu, ba ta ƙarya ba ce, abin da aka gani aka rubuta. Mota tana tsaye. Tun da aka rufe iyaka da Benin a 2023 hanyar Kwatano ta toshe, kaya sai ta Burkina zuwa Lome, cikin ayarin motoci da sojoji ke rakiya, wanda ayari ya tafi ya bari sai ya jira wani, jirgin ruwa kuma ba ya jiran kowa. Kowane kwana da mota ta yi a tsaye kuɗi ne. Ga matan Allakaye da ya ce wa wata biyu.

Ya ɗago ya ce, “Kawu, wa ya san da wannan?”

Tsoho ya ce, “Ni da kai, sai wanda ya halicci ƙwaron.”

Alhaji ya tambaya, a can tashar Turai kowace kwantena ake buɗewa? Kawu ya ce a'a, ba zai yi masa ƙarya ba, da yawa suna wucewa ba a taɓa su ba, wadda aka buɗe ma sau da yawa a bakin ƙofa ake tsayawa. Ya ce tana yiwuwa kayan su wuce lafiya lau. Amma tsakanin Madawa da shagon mutumin Tawa akwai sama da wata guda a cikin akwatin ƙarfe mai zafi, kuma Alhaji ya san abin da ƙwaron wake ke yi da wata guda. Ya ce abin da ya gani a bakin teku shi ne, ranar da aka kama kwantena da ƙwaro mai rai, ko a sake turara ta a kuɗin mai ita, ko a juyo da ita, ko a ƙone kayan. Kuma a littafinsu ba sunan ɗan kasuwa kaɗai suke rubutawa ba, sunan ƙasa suke rubutawa, daga nan duk wanda ya biyo baya da kaya daga ƙasar sai an zazzage shi. Wake ɗaya, in ji shi, shi ke ɓata gari.

Suna nan sai ga shugaban masu lodi, ya leƙa farantin ya gane komai. Ya rage murya ya ce akwai dabara, a sauke layi biyu-uku a kwarara fiya-fiya a kan buhuna a mayar, kafin Yamai ba abin da zai rage da rai. Alhaji ya girgiza kai tun bai rufe baki ba. Wannan kam ya san labarinta daga bakin ƴan Dawanau: a 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda irin wannan gubar da aka yi ta samu a cikinsa, aka shekara da shekaru ƙofar tana rufe ga mai laifi da marar laifi. Ban da haka, waken nan tukunyar mutane za shi.

Saurayin ya tafi. Direba ya zo ya yi sallama ya ce rana tana yi, Alhaji ya ce ya ɗan jira. Ya tashi ya je gaban kwantenar ya tsaya. Buhunan bakin ƙofa farare tas, a jere kamar an auna da igiya, duk wanda ya gani sai ya yaba. Ya sa hannu a aljihu don ya ciro takardar, hannunsa ya ci karo da ƙarfen nan nasa mai tsini. Ya fito da shi yana juyawa. Ya tuna wani manomi a kasuwar Keita, dattijo sa'an kawunsa, wanda ya soka wa buhu a gaban jama'a hudajjen wake ya zubo, mutumin ya rasa inda zai sa fuskarsa, shi kuwa yana ce masa, “Baba, ni ciki nake saye, ba baki ba.” Ya dubi bakin kwantenarsa, ya dubi ƙarfen. Har hantsi ya ɗaga yana nan tsaye, masu lodi sun taru nesa kaɗan suna jiran a ce a rufe.

Sai ya juya ya ce, “Kawu, in an sauke, kwana nawa?”

Tsoho ya ce biyu na saukewa da cire leda, 7 na magani, biyu na shan iska. Alhaji ya ce wa shugaban masu lodi, “Ku sauke. Duka.”

Ran nan bai aiki kowa ba, shi da kansa ya hau babur ya bi hanyar duwatsu zuwa Allakaye. Ya tara matan a ƙofar gidan Kawu ya gaya musu kuɗinsu zai yi jinkirin wata guda ko fiye, ya kuma gaya musu dalili bai rage komai ba. Wasu suka yi gunaguni, don akwai mai bikin ɗiya a gaba. Wata tsohuwa ta tambaye shi, waken nasu ne ya ɓaci? Ya ce a'a, lodinsa ne ya ɓaci. Ta ce to ya je ya gyara, su sun saba jiran damina. Mai bikin kuwa, Alhaji ya sayar da babur ɗin ya biya ta, ragowar ya ba direba kuɗin kwana.

Aka farke buhuna aka zare leda, aka shimfiɗa gadajen katako, aka jera 400, hanya a tsakiya, kamu guda a sama, Kawu yana aunawa da hannunsa. Saboda laimar teku ya sa aka manna takarda mai kauri a bango, a inda ba za ta tare hanyar iska ba. Ya sake yin ƙulli uku, wannan karon a gaban kowa. Shugaban masu lodi ya ce a ba shi na tsakiyan, ya kai shi can ƙurya, layi na biyu daga bango, inda ya fi kowane wuri wuyar kai. Mai magani ya zo ya tura bututunsa har tsakiya, ya jera farantansa a saman kaya daga ƙofa zuwa ƙurya. Bayan kwana 7 aka kwance ƙulli uku a faranti guda, ba mai motsi. Aka fasa wake goma sha, tsutsotsin ciki duk sun sandare. Aka sake fitar da takarda.

Ayari ya riga ya tafi, jirgi ma haka, sai da aka jira na gaba. Buhu 60 da suka rage aka juye su a buhu mai riɓi uku, da bazara wake ya yi tsada aka sayar a Buza, kuɗin ya toshe wani ɓangare na asarar, bai toshe duka ba. Ribar Alhaji a shekarar ba ta kai ta albasar mota guda ba. Mutumin Tawa ya aiko da saƙo gajere, ya ce kaya sun iso, wake ya yi kyau, sai dai an makara, baɗi a yi ƙoƙari a turo da wuri. Bai san an yi wani faranti ba, ba kuma wanda ya gaya masa. Aka biya matan Allakaye da ƙarin da aka yi musu alkawari, Kawu ya koma gonarsa kafin ruwan shuka.

Kai mai karatu da ke da wake a ajiye bana, in buhu mai riɓi uku gare ka, ɗaure kowace leda dabam ka ɗora shi a kan katako, ba ya bukatar magani. In kuwa kayanka sun kai a turara, kira wanda ya koyi aikin, ka bar wa iskar hanya, ka cika mata kwanakinta. Ƙwayar maganin nan kada ta kwana a ɗakin da mutum ke kwana, ko a ɗakin da ke manne da shi.